Furo Shida a Ɗakin Kwano

Ku samarin da ke tsayawa bakin shagona a Lamisula kuna cewa gyaran gem ba aiki ba ne, wai duk wanda ya kalli bidiyo biyu a waya ya iya, ku nake yi wa wannan rubutun. Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na firamare na tsaya. In kun ga kuskure a rubutuna ku tsallake shi, ba rubutu nake sayarwa ba. Sunana Modu, ana ce mini Modu Mai Gem. Na haura shekara ashirin ina buɗe cikin injin gem. Bayana ya sankare, idona na hagu ba ya ganin ƙananan wayoyi sai da gilashi. Abin da na sani ke nan, shi zan faɗa.

Ku fara da sanin yadda muke kiran kayan. Injin gem yana da zuriya, Tu, Tiri, Fo, yanzu kuma Fayif. Wannan kowa ya sani. Abin da ba ku lura da shi ba shi ne, tsakanin uba da ɗa akwai ƙanne. Masu ƙera inji ba sa naɗe hannu su jira sabon zamani ya zo. In inji ya yi 'yan shekaru a kasuwa sai su fito da ƙaninsa. Wani ƙanin a rage masa jiki, shi muke ce wa Siriri, na farkon kuma ya koma Ƙato. Wani a ƙara masa ƙarfi, shi ne Furo. Wani kuma ba za a ce maka komai ba, kwali ɗaya, suna ɗaya, sai ka kwance sukurori ka tarar an juya cikin gaba ɗaya. Gem ɗin da ke tashi a kan yaya shi ke tashi a kan ƙane, shi ya sa kuke ganin duk ɗaya ne. Mai gyara kuwa a cikin ƙannen nan yake samun abincinsa, kuma a cikinsu yake karyewa.

Injin farko da na kashe Tu ne, Ƙato, baƙi. Lokacin ina koyon aiki a wurin Oga Ishaya, mutumin Biu, mai gyaran rediyo da bidiyo a bayan Fos Ofis, wanda ya koma gem da bidiyon kaset ya mutu. A shekarar Sirirai sun cika gari. Siriri da adaftarsa yake zuwa, ka soka a bango kai tsaye ya tashi. Na soka guda goma, hannuna ya saba. Sai wani ɗan jami'a ya kawo Ƙato na hannu, ya ce faifai ne ba ya karantawa. Oga ya fita cin abinci. Na ja waya na soka. Tas! Sai wari. Ashe Ƙaton daga Amurka aka kawo shi, rabin wutarmu yake ɗauka, sai an haɗa masa abin rage wuta.

Oga ya dawo bai tambayi komai ba, hancinsa ya gaya masa. Ya ɗauki injin ya kife shi a tebur.

"Modu, zo nan. Mene ne wannan?"

"Takarda ce, Oga."

"Takarda ce. To don uban wa aka manna ta?"

"Ban iya Turanci ba, Oga."

"Na ce ka karanta Turanci? Lamba fa? Lamba ba ta da yare. Ɗari da goma ne a nan, ko da Kanuri ka karanta ɗari da goma ne."

Ranar ya kafa mini doka. Duk injin da ya shigo shago, kafin in taɓa waya, in kife shi in karanta lambar gindinsa da ƙarfi yana ji. Lambar nan tana gaya maka ƙasar da aka yi wa injin, tana gaya maka yaya ne ko ƙane. Na yi ta rubuta su a bangon shago da gawayi har na haddace. Yau in ka kira mini lamba idona a rufe, zan gaya maka sukurori nawa ne, ina fanka take, wace siririyar waya ce ke tsinkewa in ka ɗaga murfi da garaje.

Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini buhun faifan Tu yana huci. Yana da Tiri Ƙato na farkon fitowa, wanda ke ɗaukar faifan Tu. Ya ji an yi Siriri, ya sayar da Ƙaton ya saya, yana ganin ya ci gaba. Siririn bai san faifan Tu ba, an cire masa wannan tun daga inda aka ƙera shi. Ya ce in gyara. Na ce Malam, ba lalacewa ya yi ba, haka aka haife shi. Ya ce ai sabo ne. Na ce sabo ne, amma ƙane ba kullum yake fin yaya ba. Ya ɗauki buhunsa bai yi mini sallama ba. Bayan sati biyu ya dawo na nemo masa tsohon Tu.

Kayan aikina ba su cika jakar hannu ba. Ayan na narka dalma, mita, sukundireba mai bakin tauraro, hantsaki, tsohon buroshin haƙori, abin hura iska, da farin man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar inji don ya janye mata zafi, muna ce masa fes. Sai murfin kwalba goma sha biyu da nake jera sukurori a ciki, kowane mataki da murfinsa. Murfin nan kuke yi wa dariya. To bara wani cikinku ya kawo mini Fo a leda. Ya kwance shi yana bin bidiyo, bidiyon na yaya ne, injinsa ƙane ne. Ya tura dogon sukuru inda gajere ke shiga ya huda allon da ke ɗauke da kayan ciki. Na ce ya mayar wa wayar ta gyara masa. Kuma in kun buɗe Fo Ƙato ku fara leƙa gidan wutarsa, kyankyasai na son ɗumin wurin, guda ɗaya in ya kwanta tsakanin ƙarfe biyu ya isa ya kashe inji.

Yanzu zan gaya muku aikin da ya kusa rufe mini shago. Ba inji na ƙona ba. Duk dokar Oga na bi, kuma na yi ɓarnar da ta ninka ta Ƙaton ɗan jami'ar nan.

Alhaji Buba dillalin shanu ne, Bafulatani, iyayensa makiyaya, shi ya zauna a gari. Tun ina gyara masa talabijin muka saba. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da mu Barebari. Bai taɓa kirana da sunana ba. Tun daga nesa zai ɗaga murya, "Kai Babarbare, bawana, ka karya ko in aiko maka da nono?" Ni kuma in ce, "Fulata, wa ya bar ka ka shigo gari da takalmi?" Haka muke shekara da shekaru.

Wata rana lokacin sanyi ya zo da ƙaninsa Hammadu, magidanci mai mata da 'ya'ya huɗu, mutum mai shiru. Hammadu kiwo yake yi a wajen Konduga. Rashin zaman lafiya ya koro shi gari, garken ya watse, shanu biyar kawai ya iso da su. Alhaji ya ce cikin gari ba wurin kiwo ba ne, ya sayar da su, ya kama masa ɗaki a Bolori bakin hanyar masu zuwa gari, yana so ya buɗe masa gidan gem.

"Babarbare, ni ban san wannan shirmen naku ba. Manya da gemu su zauna suna danna roba suna ihu. Amma na ga suna biya. Wanne ne mai kyau?"

A lokacin Fayif ya fito a ƙasashen waje, masu hali na can suna zubar da Fo, Furo na hannu yana shigowa gari ba wuya. Ina da hanyar samu. Na ɗauko Siriri na ɗauko Furo na jera masa a tebur. Siriri hawa biyu ne, Furo hawa uku kamar bene, ya fi nauyi, wayar wutarsa ma kauri gare ta. Alhaji ya ɗaga wannan ya ɗaga wancan kamar mai gwada nauyin rago.

"Wannan bijimi ne, wancan maraƙi."

"Ashe kana ganewa, Fulata. Furo ya ninka shi ƙarfi. Hotonsa har gumin ɗan ƙwallo kake gani."

Hammadu sau ɗaya ya yi magana ranar. Ya ɗora hannu a bayan Furo ya ce, "Da me ake ciyar da shi?"

Na fashe da dariya. Na ce, "Wuta kawai, Hammadu. Ba ya cin dusa, ba ya lasar kanwa." Alhaji ma ya yi dariya, ya ce a yi masa uzuri, jiya ya fito daga daji. Hammadu bai yi dariya ba, ya janye hannunsa.

Na kawo Furo shida. Kowanne na kife shi na karanta gindinsa, na buɗe na share, na canza fes, na gwada shi kwana biyu a shagona, a kan talabijin ɗina mai kyau, ƙarƙashin fanka. Lafiyarsu ƙalau. Suka loda a keke mai ƙafa uku suka tafi. Ban bi su ba. Daga Lamisula zuwa Bolori ba wata tafiya ba ce, amma ban je na ga ɗakin ba. Ku riƙe wannan.

Abin da ya rage daga shanun bayan an ɗauki Furo bai kai ga manyan talabijin ba, sai suka sayi ƙanana na hannu. Furo kuwa ba ya nuna bajintarsa sai a talabijin mai ɗaukar irin hoton da ake ce wa Fo-ke. A ƙaramin talabijin, ƙwallon Furo da ƙwallon Siriri tagwaye ne. Hammadu ya gaya wa 'yan wasa abin da na gaya masa, har gumin ɗan ƙwallo za su gani. Suka matsa kusa da gilashi suka leƙa, suka ce ina gumin? Gidan gem da ke layin baya Sirirai gare shi, hoto iri ɗaya. Suka sa wa Hammadu suna Mai Gumi.

Ana cikin haka wutar gari ta ɗauke gaba ɗaya, ɗaukewar da duk ɗan Maiduguri ya tuna, ba ta kwana ba ce ba ta wata ba. Kowa ya koma janareta da sola. Alhaji ya sa an haɗa wa ƙaninsa sola, mai haɗawa ya auna da irin ta gidan baya, tun da a ganinsa gem gem ne. Furo kuwa shan wutarsa ya kusa ninka na Siriri. In an kunna na huɗu sai inbata, akwatin da ke juya wutar sola, ta yi kuka ta ɗauke, ana tsakiyar wasa, mutum yana cin biyu da nema. Ba abin da ɗan gem ya tsana kamar wannan. Gara ka zagi ƙungiyarsa.

Sai bazara ta shigo. Ɗakin rufin kwano ne, ba silin, taga ɗaya, an jera injinan sun manne da bango. Fankar Furo ta riƙa ihu kamar jirgi zai tashi, daga nan ya rubuta a talabijin cewa ya yi zafi, ya kashe kansa. Hammadu yana jiƙa buhu yana ratayewa a taga, yana bin injina ɗaya bayan ɗaya yana yi musu fifita da kwali, riga ta manne masa. Sunan Mai Gumi ya zauna daram.

Sau uku yana kawo mini su. Kowane zuwa in buɗe in share in sake fes, in gwada a shagona su yi aiki lafiya lau. A zuwa na uku na ce masa, "Injinan nan ba su da komai. Hannunka ne bai saba ba." Da bakina na faɗi haka, ba zan ɓoye ba.

Wata Laraba da hantsi Alhaji Buba ya zo. Bai ɗaga murya daga nesa ba. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya zauna a benci.

"Malam Modu, ina kwana."

Na ajiye ayan. Tun da na san shi bai taɓa ce mini Modu ba, balle Malam.

"Fulata, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam Modu. Labari zan ba ka in tafi. Wata shekara wani mai kuɗi ya ce in nemo masa shanun Turawa, masu baƙi da fari, masu nono kamar famfo. Na ce masa ina inuwarsu, ina ruwansu, wa zai ba su abin da suka saba ci? Ya ce in kawo kawai. Na ƙi. Wani dillalin ya kawo masa. Bazara ɗaya suka yi. Shanun ba su da laifi, lafiyayyu ne. Mai kuɗin bai san shanu ba, shi ma ba shi da laifi. Wa ya rage?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Hammadu ya tambaye ka da me ake ciyar da shi. Muka yi masa dariya, ni da kai. Ni ban sani ba. Kai ka sani." Ya miƙe ya zura takalmi. "Shanu biyar ne, Malam Modu. Babu wasu a bayansu."

Bai zage ni a kasuwa ba. In an tambaye shi mai gyaran gem sai ya ce bai san kowa ba, shi ke nan. Amma Bolori kaf an san gidan Mai Gumi, an kuma san wanda ya haɗa shi. Gidajen gem uku da nake yi wa aiki suka koma wurin wani. Wannan ita ce muguwar shekarata. Ba wuta, ba aiki. A kan garwashi nake ɗora ayan ya yi zafi, wata rana garwashin ya mutu ban narka dalma ko sau ɗaya ba.

Kashegarin zuwan Alhaji na ɗauki mita na tafi Bolori da azahar, lokacin da rana ta fi ƙarfi. Ina shiga ɗakin na san ba sai na auna komai ba. Kwano yana ƙara a sama. Inji biyu ne a kunne, mutum biyu suna wasa, sauran huɗun an lulluɓe su da zane. Hammadu yana zaune a ƙofa da kwalinsa.

"Wushe, Modu," ya gaishe ni da Kanurin da ya tsinta a gari.

"Hammadu, amsar tambayarka na kawo, sai dai na makara. Yana cin wuta kusan ninkin Siriri. Yana son iska mai sanyi. Yana son babban talabijin mai Fo-ke. Ba ka da ko ɗaya a ciki. Kuma ba hannunka ba ne."

"Na gani," ya ce. "To yanzu fa?"

"Ka ba ni su, ɗaya bayan ɗaya. Biyun da ke aiki su ne na ƙarshe."

Furo ba mugun inji ba ne, gida yake nema. Na shiga gari ina cigiyar masu Siriri da ke da babban talabijin da ɗaki mai sanyi. Akwai su, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, wani likita, wani ɗan kwangila. Ba na yarda a yi magana a waya. Sai na shiga falon mutum, na juya talabijin ɗinsa na karanta bayansa, na haɗa Furo ya gani da idonsa. A nan gumin ya fito, har ciyawar fili kana ƙirgawa. Sai mu yi musaya, ya karɓi Furo ya ba da Siriri da ƙari, wani fad biyu na riƙewa, wani faifai, wani fankar tsaye. Likitan ya haɗa mini da wani mataccen Siriri da ke ƙarƙashin gado, na tashe shi, kyankyaso ne.

Wani ɗan kasuwa ya nace sai na ba shi. Talabijin ɗinsa ya cika bango, amma da na juya bayansa na ga ba Fo-ke ba ne. Na ce Alhaji, talabijin ɗinka babba ne amma ba zai nuna maka bambanci ba, riƙe Siririnka. Ya ce ina ruwanka, ba ni zan saya ba? Na ce an taɓa gaya mini haka a labarin shanu. Bai gane ba. Na naɗe waya na fita.

Wata biyar na yi ina wannan yawon. Furo shida suka koma Siriri bakwai. Na sa Hammadu ya buga silin ƙarƙashin kwano, ya fasa taga ta biyu tana kallon ta farko, na yi wa kowane inji ƙafafun katako, na janye su daga bango faɗin tafin hannu. Ranar da muka kunna bakwai ɗin a kan solar nan dai, muka tsaya muna sauraron inbata. Ba ta ce uffan ba. 'Yan wasa suka fara dawowa, da farko don su yi tsiya, daga baya don wasan ba ya yankewa. Sunan bai fita ba. Hammadu ya sa mai fenti ya rubuta shi a saman ƙofa, Gidan Mai Gumi.

Aikina ya dawo a hankali. Alhaji Buba kuwa bai dawo ba. In mun haɗu a wurin suna ko jana'iza sai ya ba ni hannu biyu, "Malam Modu, ya iyali, ya sana'a." In na ce Fulata, sai ya yi murmushi ya wuce. Shekara uku da wani abu muna haka.

Fayif ma yanzu ya yi ƙanne, Siriri da Furo. Ku da ke ɗokin buɗe shi, ku saurara. Babu fes a cikinsa. Wani ruwan ƙarfe ne mai sheƙi aka zuba wa ƙwaƙwalwar, in ɗigo ɗaya ya zame ya taɓa allo, ka yi wa mai inji ta'aziyya. Ni kaina sai na rufe ƙofar shago nake taɓa shi, kuma ba na amsa gaisuwa.

Kwanakin baya sai ga Alhaji da Hammadu a bakin shago. Hammadu ya yi ƙiba, ya sa agogo.

"Malam Modu, Hammadu ya ji an yi sabon bijimi, Furo na Fayif. Ya ce yana so. Me ka ce?"

Akwai guda a shagona, na wani dila ne da ya ajiye in nuna wa masu so. Da a da ne, da na zaro shi na fara zuba. Na duba agogon bango, sha biyu ta wuce.

"Ba na cewa komai a nan, Alhaji. Mu je Bolori."

Na rungume kwalin muka hau keke. Hammadu ya kama ɗakin da ke manne da nasa, ya fasa ƙofa tsakani. Ya buga silin, ya sa ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki, kujeru biyu masu laushi, babban talabijin guda. Ya ce ɗakin manya ne, na waɗanda ba sa son hayaniya. Na juya talabijin na karanta bayansa, Fo-ke ne na gaske. Na hau tsani na ƙirga farantan sola, na sauko na auna inbata da komai a kunne. Na zauna a ɗakin na jira jikina ya gaya mini zafinsa. Alhaji yana tsaye ya dogara da ƙofa yana kallona.

"Guda ɗaya," na ce. "A wannan ɗakin, a kan wannan talabijin. Na waje kada ka taɓa su, suna daidai da wurinsu. In wani ya ce ka cika ɗakin waje da Furo, ka turo mini shi."

Hammadu ya ɗora hannu a kan kwalin. Ya kalle ni ta gefen ido.

"Da me ake ciyar da shi?"

Na gaya masa. Wutar da yake sha, iskar da yake so a bayansa, irin wayar hoton da za a haɗa masa, datar da zai ci in gem ya nemi sabuntawa, wata nawa za a yi kafin a hura masa iska. Ban bar komai ba. Sannan na ce saura abu ɗaya, wannan Alhaji zan nuna wa. Na zaro injin na miƙa masa.

Ya karɓa da hannu biyu ya gwada nauyi. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya. Sai na ga babban yatsansa yana bin gefen injin yana lalube, yadda yake lalubar leɓen sa in zai duba haƙori. Ya kai ƙarshe ya dawo. Ya sake bi.

"Ina bakin?"

"Ba shi da baki."

"Ta ina ake sa faifan?"

"Haka ake sayar da shi. Bakin daban ake saye a ɗaura masa, ranar ɗaurawa kuma sai da intanet. In ba a sa bakin ba, duk faifan da Hammadu ya tara sai dai ya riƙa duba fuska da su."

Alhaji ya daɗe yana kallon injin. Ya ɗago ya kalli Hammadu, ya kalle ni.

"Tun ina saurayi nake kasuwa, ban taɓa sayen dabbar da ban buɗe bakinta ba. Yau za a sayar mini da sa, a ce bakinsa yana wani shago." Ya girgiza kai. "Kai Babarbare, bawana, faɗi gaskiya. Ba ku kuka ƙera wannan ba? Irin cinikinku ne sak."

Shekara uku da wani abu ban ji wannan kiran ba.

"Fulata, ka gode wa Allah ba ku kuka ƙera shi ba. Da wutsiya za ku sa masa ku bi shi daji."

Hammadu ya tuntsire da dariya har ya zauna a kujerar manya. Ranar na fara jin dariyarsa.

"Ka kawo shi da bakinsa," in ji Alhaji, yana miƙo mini injin. "Kuma da ƙafarka za ka zo ka ɗaura. Gobe zan aiko maka da nono, na ga ka rame."

Na kawo, na ɗaura, yana can yana aiki. Nonon ma ya zo, a galan.

Duk wanda ke son koyon aikin nan a cikinku, ya tara murfin kwalba goma sha biyu ya zo. Amma kada ya zo da safe, ya zo da azahar, ya sa takalmin da zai iya tafiya da shi. Ba a tebur za mu fara ba.